Ba a Tambayi Malam Sule Ba

Madarumfa, 12 ga Shawwal

Zuwa ga ɗiyata Sakina, 'yar ɗan kawuna marigayi Alhaji Aliyu, a Yamai.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara, wanda bana ya janye ruwan tabki har masunta na taka tafiya kafin su kai ga jiragensu. Gwiwata ta yi sauƙi. Kunne kuwa yana nan yadda kika bar shi ranar sadakar arba'in ɗin mahaifinki, shi ya sa na koma ga alƙalami, domin a talho murya nake ji, ba magana ba. Nura direba zai kai takardar Maraɗi ya sa ta a kar, wato bas mai zuwa Yamai.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ranar Talata bayan la'asar ina zaune a rumfata ta bakin kasuwa, inda na shekara arba'in ina dillancin gidaje da filaye, sai wani baƙo ya tsaya da farar mota. Ya yi sallama, ya miƙo mini talho ya ce, "Baba, an ce kai ka san kowane lungu na garin nan. Ina wannan gida yake?" Na sa tabarau na duba. Ƙofar ƙarfe mai koren fenti ce, da itacen bedi a bakin zaure. Gidan mahaifinki ne, Sakina, wanda mabuɗinsa ke aljihuna a daidai lokacin da nake kallon hoton. A ƙarƙashi an rubuta da Faransanci cewa na sayarwa ne, ga lambar yayanki Hamza ta Kotonu. Baƙon ya ce a wani shafin intanet na sayar da gidaje ya gani.

Baƙon da ya tambayi hanya ba a hana shi. Na kai shi bakin layi na nuna masa da hannu. Ya fito da igiyar awo ya shiga auna katanga daga waje, har ya kai ga wadda ta haɗa ku da Malam Sule. Malam Sule na zaune kan buzunsa a gindin katangar, baƙon ya roƙe shi ya ɗan gusa zai auna. Ta haka maƙwabcin mahaifinki na shekara talatin da biyar ya ji za a sayar da gidan. Da ya ɗaga kai, ni ya hango a bakin layi.

Gida naku ne, ke da Hamza, ba ni da ta cewa a kan sayar da shi. Amma akwai abin da mai yiwuwa ba ku sani ba, tunda kun bar garin kuna ƙanana. A nan ba a kai gida kasuwa sai an sallama wa maƙwabcin da katanga ta haɗa. Dillali ya sa rigarsa ta kirki, ya riƙa goro, ya je ya ce, "Masu gida kaza suna son rabuwa da shi, kai ne farkon ji." A ba shi kwana uku. Ko yana da halin saye ko ba shi da shi, sai ya ce ya bari kafin a faɗa wa wani. Haka na tarar mahaifina na yi, ban kuma taɓa tsallake wannan ba ko a kan kango.

Tun daga ranar Malam Sule bai sake zuwa rumfa ba, shi da kullum muke tare daga hantsi zuwa azahar. A ganinsa ni na kawo mai saye, na tsallake shi.

Roƙona guda ne. Ku sauke hoton nan na mako ɗaya, ku ba ni izini in je masa da sunanku yadda ya kamata. Bayan haka ku mai da shi, ba zan ƙara cewa komai ba.

Allah ya yi muku albarka. Ni ne babanku,
Shu'aibu Dillali

Yamai, 6 ga Mayu

Zuwa ga Baba Shu'aibu.

Ina gaishe ka da girmamawa, ina yi maka sannu da jiki da zafi. Mu ma lafiya, yara suna gaida kakansu. Takardarka ta iso, na karanta ta sau biyu a matarnite, asibitin haihuwar da nake, tsakanin aiki, ka yi haƙuri da rubutun, a tsaye nake yin sa.

Baba, ka gafarce mu da ka ji labarin a bakin baƙo. Laifina ne, Hamza ya ce in sanar da kai, na yi ta cewa gobe. Mun yi shawarar sayarwa ne saboda ba wanda zai koma ya zauna cikinmu, kuma gidan ƙasa in ba mutum a ciki damina biyu ta ishe shi. Hamza ya sa hoton da aka ɗauka lokacin rasuwa, cikin kwana biyu mutum goma sha ɗaya suka kira shi, har daga Agadas. Yanzu haka ake yi, a Yamai ko ɗakin haya ba a nema sai ta nan. Mun ga da ciwon gwiwarka bai kamata ka riƙa yawo cikin rana kana nuna wa mutane gida ba. Kada ka wahalar da kanka, ka huta, za mu ji da komai daga nan.

Maganar Malam Sule kuwa, na yi wa Hamza, ya ce in aka sauke hoto masu nema za su ɗauka an sayar, su watse. Kuma Baba, kai ma ka san Malam Sule ba shi da halin sayen gida. Mene ne amfanin a tambaye shi abin da an san amsarsa? Ni sai nake ganin kamar kunyata shi za a yi. Ka ce masa kawai ba da saninka aka yi ba, mu yara ne muka yi gaggawa. Zai fahimta.

Ka riƙa shan ruwa da yawa, don Allah.

'Yarka,
Sakina

Madarumfa, 3 ga Zulƙida

Zuwa ga ɗiyata Sakina.

Bayan gaisuwa, na samu takardarki, na gode da addu'a. Ina lafiya. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma-yamma, amma bai zubar ba tukuna. Mutanen garin Sarkin Yamma sun fara gyaran gonaki.

Na karanta inda kika ce kada in wahalar da kaina, ku za ku ji da komai. Na gane. Mabuɗi yana nan, duk wanda kuka ga ya fi dacewa ya riƙe, ki faɗi sunansa in miƙa masa. Na share tsakar gida ranar Alhamis kamar yadda na saba, na kuma toshe wani rami da gara ta fara a ɗakin mahaifiyarki.

Ba ni da faɗa da wannan shafi naku. Mu dillalai huɗu ne a rumfar nan da. Ɗaya ya rasu, ɗaya ya koma sayar da albasa, Abdul'aziz kuma, wanda ya fi mu ƙuruciya, ya sayi babbar talho yana bin gidaje yana ɗaukar hoto, ba ya zama. Da, in mutum na son fili sai ya zo ya zauna, mu sha shayi, in san ko shi mai yawan baƙi ne, ko mai dabbobi, ko mai saurin fushi, sannan in san kusa da wa zan ajiye shi. Na san filin da ruwan tabki ke cinyewa a watan takwas, wanda in ka gan shi a hoton rani sai ka rantse tudu ne. Yanzu masu zuwa wurina hanya kawai suke tambaya, su yi godiya su wuce. Zamani ne, na karɓa.

Amma kin tambaye ni amfanin tambayar wanda an san amsarsa, to bari in amsa miki. Ni na fi kowa sanin Malam Sule ba zai iya saye ba, shi ma ya san na sani. Ba don ya saya ake zuwa ba. Ana zuwa ne don a nuna masa yana cikin waɗanda ake lissafawa a layin, cewa ba za a canza masa wanda zai riƙa jin tarinsa ta bayan katanga ba tare da an sallama masa ba. Mai hali in aka tsallake shi sai ya ce mantuwa ce. Marar hali ba ya cewa haka, domin ya san dalili.

Kin ce in gaya masa ba da sanina aka yi ba. Na yi tunanin haka tun ranar farko. In na faɗa, na wanke kaina, amma kafin magariba gari ya ɗauka cewa 'ya'yan Alhaji Aliyu sun sa gidan ubansu a kasuwa ba su gaya wa ko babansu mai riƙe da mabuɗi ba. Mahaifinku bai cancanci a faɗi haka a kan tarbiyyarsa ba, ga shi ba ya nan balle ya kare kansa. Gara a ce Shu'aibu ya tsufa ya yi kwaɗayin la'ada.

Ranar Juma'a na tare shi a ƙofar masallaci. Shekara talatin bai kira ni da sunana ba, kullum "Ɗan la'ada, yau wa ka cuta?" ni kuma in ce, "Wanda ya fi ka wayo, Sarkin ƙorafi." Ran nan sai ya miƙo hannu ya ce, "Malam Shu'aibu, ina gajiya, ina iyali?" Ya bi gaisuwar nan ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, kamar yadda ake yi wa baƙon da ya zo daga nesa, ya sa takalmansa ya tafi. Ya san tun rasuwar matata Ɗelu ba ni da iyali a gida, amma ya tambaya.

Ban sake roƙo ba, na dai bayyana miki ne.

Babanku,
Shu'aibu

Madarumfa, 24 ga Zulƙida

Ɗiyata Sakina,

Ina gaishe ku, ina fata lafiya ce ta sa shiru. Mako uku ke nan ina tambayar Nura duk ranar da ya dawo daga Maraɗi, har ya fara girgiza mini kai tun daga nesa kafin in buɗe baki. Idan akwai kalmar da ta yi nauyi a takardata ta baya, ki ɗauke ta a matsayin ta tsoho mai zama shi kaɗai, wanda magana ke taruwa masa ba wurin zubarwa.

An yi ruwan farko ranar Litinin, mutane sun yi shuka. Ɗakunan gidanku ba su yi yoyo ba. Wasu mutum biyu sun sake zuwa ganin gidan, ba su biyo ta wurina ba, na ji ne a bakin mai shayi.

Labarin da ya sa na kasa jira shi ne wannan. Ɗan Malam Sule da ke garin Gabi ya daɗe yana roƙonsa ya koma can, yana ƙi, yana cewa ba ya barin layin da ya binne matarsa daga cikinsa. Yanzu ya yarda. Bayan Babbar Salla zai tashi. Ba shi ya gaya mini ba, a bakin liman na ji.

Gabi ba nisa ga mai ƙafa. Amma ni da shi mun kai shekarun da in aka rabu ba a cika sake haɗuwa ba, kuma ba na so ya tafi da wannan abu a ransa game da ni. Na sa rigata an wanke an buga, tana rataye. Kalma ɗaya nake jira daga gare ku, ko e ko a'a, domin ba zan je masa da sunanku ba tare da izininku ba.

Babanku,
Shu'aibu

Yamai, 10 ga Yuni

Baba,

Ina gaishe ka, ina neman gafara. Lafiyarmu ƙalau. An tura ni Doso aikin rigakafi kusan wata guda, takardunka biyu suna ajiye a tashar kar, jiya na karɓo su tare. Na karanta su a cikin taksi, ban san lokacin da na wuce unguwarmu ba.

Wallahi Baba, da na ce ka huta, gwiwarka nake nufi. Mabuɗi kuma ba mai riƙe shi sai kai. Ban san kana share gidan duk Alhamis ba. Ban kuma san abin da ka ɗauka a kanka don a rufa mana asiri ba. Malam Sule shi ke ɗora ni a kekensa ya kai ni lakkol, makarantar boko, in mahaifinmu ya yi tafiya, ya saya mini ƙosai a hanya ya ce kada in gaya wa Hamza. Duk na manta da wannan sai jiya.

Na kira Hamza, mun ɗaga wa juna murya, abin da ba mu taɓa yi ba. Gaskiyar magana ita ce ya riga ya daidaita da wani mutum ta talho, sun sa ranar zuwa wurin noter, mai hatimce takardun ciniki, bayan Salla, amma ba a sa hannu a komai ba. Daga ƙarshe ya sauke hoton, ya gaya wa mutumin ya dakata mako guda, kuma in maƙwabci ya ce yana so, nasa ne. Mutumin bai ji daɗi ba, amma ya ce zai jira.

Ka je, Baba, da sunana da na Hamza. Ka kuma gaya masa gaskiya cewa kai ma a hannun baƙo ka gani. Mu muka yi, mu ya kamata a faɗa a kanmu. Wannan ba shawara ba ce, roƙo ne.

'Yarka,
Sakina

Madarumfa, 20 ga Zulhajji

Zuwa ga ɗiyata Sakina.

Bayan gaisuwa da barka da Salla, Allah ya maimaita mana, ya yi muku albarka ke da ɗan'uwanki. Ina lafiya. Hatsi ya kai idon sawu, tabki ya fara dawowa wurinsa.

Takardarki ta zo ana saura kwana biyu Salla. Na bari aka gama hidimar layya, ranar Laraba da hantsi na sa rigata, na sayi goro fari mai kyau, na tafi. Na tarar an fara ɗaure kaya a zaure. Na yi sallama sau biyu kafin ya amsa. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya zauna nesa kaɗan.

Na ajiye goro na ce, "Malam Sule, 'ya'yan Alhaji Aliyu ne suka aiko ni. Suna son rabuwa da gidan mahaifinsu. Ya kamata a ce kai ne farkon ji, ba a yi haka ba, suna neman afuwa. An dakatar da kowa sai ka yi magana."

Ya daɗe yana kallon goron. Sannan ya ɗaga murya yadda zan ji ya ce, "Har da mai igiyar awo an dakatar?"

Na ce har da shi. Na kuma gaya masa sauran, tunda kin roƙa.

Ya ce, "Kai, wanga mutum! Wata biyu kana ɗauke da wagga magana ka bar ni ina zaginka cikin raina? Mi ya hana ka faɗi?"

Na ce yaran Aliyu ne, ba na so a zage su.

Ya ɗauki goro guda ya fasa, ya miƙo mini rabi. Ya ce, "To, a ba ni kwanana ukku, in yi shawara."

Ya karɓi kwanakinsa cif, Sakina, bai rage ko wuni ba. Na ji an ce har zagaya gidan ya yi yana duba katanga, ya ce wa mai shayi tushen ginin na da kyau amma rufin sai an sake. Ranar Asabar na koma. Ya sa hula da rawani, ya ce, "Na duba, na yi shawara. Bana ba ni da bukatar ƙarin gida. Na bar musu, Allah ya sa albarka." Na ce amin, muka shafa.

Sai ya yi tambayar da kowane maƙwabci ke yi a wannan wuri, wadda ban taɓa rasa amsarta ba tun da na fara sana'a. Ya ce, "To, wa za ya shigo? Ɗan wane ne, daga ina?"

Na ce, "Ban sani ba, Sule. Lambar talho gare shi."

Ya dube ni, na dube shi. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Dillali bai san mai saye ba! Ashe ni da kai duka an bar mu a baya." Muka zauna nan har azahar, ya ba ni labarin rigimar da ya yi da mahauci a kan fatar ragonsa, rabi na ji, rabi na gyaɗa kai.

Na yi zaton zai fasa tafiya, ban dai faɗa ba. Shi ya kawo zancen da kansa. Ya ce ya riga ya ba ɗansa kalma, an gina masa ɗaki, kuma ƙafafunsa sun gaji da ɗebo ruwa. Jiya Laraba ya tashi. Ya aiko aka kira ni in raka shi tasha, na riƙe masa buta da buzu har ya shiga mota. Ya leƙo ta taga yana wata magana, injin na ruri, ban ji ba. Na matsa, ya maimaita da ƙarfi har mutane suka waiwayo, wai in na ga mai sayen gidan in tambaye shi asalinsa in aika masa, domin gidansa na nan, jikokinsa za su gaje shi, yana so ya san wa ke bayan katangarsu.

Ku ci gaba da maganarku da noter, ba sauran abin da ya tsaya. Sai dai ki sa Hamza ya gaya mini ranar da mutumin zai zo, kuma ya roƙe shi ya biyo ta rumfa, ko na ɗan lokaci kaɗan ne. Zan dafa shayi. Ina so in ji sunan mahaifinsa da garinsu, na yi wa Sule alkawari.

Allah ya jiƙan Alhaji Aliyu, ya raya ku.

Babanku,
Shu'aibu